Mutumin da ya riga inuwarsa isowa

Gidanmu na unguwar Talladje a Yamai yana kan hanyar filin jirgi. Duk jirgin da zai tashi sai ya girgiza mana kwanon rufi, har mun daina ɗaga kai. Amma a shekarar da Inna ta samu kujerar Makka, ina 'yar shekara takwas, kowace ƙara sai na ji ta a cikina.

Ana jibi za ta tashi, bayan magariba kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, muka kewaye murhun Kaka, wato mahaifiyar Inna, mutuniyar Dogon Dutsi. Kawu ya ce daga Yamai zuwa Jidda awa biyar ne da 'yar ɗoriya.

"Awa biyat?" in ji Kaka. "Ubana da ƙahwa ya tahi, shekara bakwai ya yi. Mi kuke gaggawa?"

Ta tura itace cikin wuta, ba ta ko jira mun ce ta zo mu ji ta ba.

Wai wani mutum ne hanya ta yi masa nisa, ya roƙi mikiya ta ɗauke shi. Mikiya ta ce za ta kai shi kafin rana ta faɗi, amma ba ta ɗaukar biyu, inuwarsa sai dai ta biyo ƙasa. Ya ce ina ruwansa da inuwa. Ya je ya dawo a kwana biyu, gari ya yi ta murna. Sai dai ya zauna cikin gidansa kamar baƙo. Ya ci tuwo bai ji gishiri ba. 'Yarsa ta hau cinyarsa, ya tambayi matarsa, "Ɗiyar wa ce wannan?" Inuwarsa kuwa tana can cikin daji, tana takawa a hankali.

"Ta iso, Kaka?" na tambaya.

"Tana bisa hanya," ta ce. "Ku tashi ku kwanta."

Tsoro ya kama ni sosai. Faɗuwar jirgi ba ta ma zo mini a rai ba. Abin da nake gudu shi ne Inna ta dawo ta dube ni ta ce 'yar wa ce. Kwanakin da ta yi can, kullum sai na tsaya bakin titi ina duban gabas.

Ta dawo a rame, ga tari, murya ta dishe. Gida cike da masu barka, ni kuwa na kama hannunta na ja ta tsakar gida cikin rana tsaka. Mata suna cewa wannan yarinya ba ta da ta-ido. Na duba ƙasa. Ga inuwar nan, 'yar guntuwa, manne da ƙafarta.

"Hadiza, lafiyarki?" ta ce. Jin sunana na fashe da kuka.

Na daɗe ina jin haushin Kaka. Sai da na girma Inna ta faɗa mini cewa da uban Kaka ya dawo, a bakin rijiya ya wuce Kaka bai gane ta ba.

Yanzu ɗana yana aiki a Faransa, shi ma awa biyar da ɗoriya. Bara ya zo hutu, ya tsaya a ɗakin da aka haife shi yana tambayata da Faransanci inda muke ajiye kofuna. Na nuna masa. Da ya fita tsakar gida, sai na tsinci kaina ina duban ƙasa a bayansa.