Injiniya Muntaka Sidi Gumel da Jinyar Shekara Tara

Haihuwa da Tasowa

An haifi Muntaka a garin Gumel cikin daminar shekarar 1952, a gidan Malam Sidi mai gyaran keken ɗinki da matarsa Malama Dije. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai, kuma tun yana ƙarami aka san shi da yawan zullumi, har mahaifiyarsa kan ce ko randa ta cika sai Muntaka ya zagaya ya duba ko tana yoyo.

Neman Ilimi da Aiki

Ya shiga firamare a 1959, ya wuce sakandare a Birnin Kudu a 1966, sannan ya karanci injiniyancin ruwa a Zariya, inda ya kammala a 1977. Bayan hidimar ƙasa ya yi aiki a Kano na wasu shekaru. A 1983 ya sami gurbin ƙarin karatu a Amurka, daga bisani wani kamfanin shimfiɗa bututun ruwa da ke yankin Washington ya ɗauke shi, kuma a nan ya zauna har ƙarshen aikinsa.

Aure da Zuri'a

A 1979 aka ɗaura masa aure da Hasiya, 'yar Alhaji Maikano na unguwar Gwale, malamar Turanci a wata makarantar 'yan mata. Allah ya albarkace su da Kamal a 1981, da Juwairiyya a 1985, da Umaima a 1990. A 1991 suka koma Annandale, wani gari a jihar Virginia kusa da Washington, inda Hajiya Hasiya ta shafe shekara ashirin da biyu tana koya wa yaran baƙi karatu da rubutu. 'Ya'yansu kuwa sun tashi suna jin Hausa sarai, amma in an yi musu magana da ita sai su mayar da Turanci, kuma iyayen ba su taɓa ɗaukar hakan wani abin damuwa ba.

Rashin Lafiyar Hajiya Hasiya

A farkon 2015 Hajiya ta soma saka gishiri sau biyu a miya, tana ɓatan hanya tsakanin gida da kasuwar da ta saba zuwa. Likitoci suka tabbatar da cewa ciwon mantuwa ne, irin wanda yake cin tunani sannu a hankali kuma ba ya komawa baya. Injiniya ya ajiye aiki a 2016 ya rungumi jinyarta shi kaɗai: wanka, da sutura, da ba da magani, da tsaron ƙofa. Kamal yana Houston da iyalinsa, Umaima tana karatun likita, Juwairiyya ce kawai take kusa, a Takoma Park, ita ma da goyo da aiki.

Abin da ya fi tayar masa da hankali ya faru ne a 2018, lokacin da Turanci ya fice wa Hajiya gaba ɗaya. Matar da ta koyar da harshen shekara da shekaru ta wayi gari ba ta gane ko gaisuwa da shi, sai Hausar Gwale ta ƙuruciyarta. 'Ya'yanta suka koma suna zama a gabanta suna laluben kalmomi, ita kuma tana yi musu kallon baƙi. Daga nan ya zama duk duniya mutum ɗaya ne take iya gaya wa inda yake mata ciwo.

Duk da haka bai nemi taimakon hukuma ba. Da Juwairiyya ta kawo masa takardar rajistar masu jinyar 'yan uwansu ba da lada ba, sai ya ture ta gefe ya ce, "Ni ba ma'aikaci ba ne, mijinta ne. Da ni ne a kwance, takarda za ta cike kafin ta ba ni ruwa?" Sai da likita ya gano masa ciwon zuciya a ƙarshen shekarar sannan ya sa hannu.

Ranar da Hajiya Ta Fita

Ƙaramar hukumarsu tana da shirin hutar da masu jinya, wanda ta ba wani kamfani kwangilarsa, a turo ma'aikaciya ta zauna da marar lafiya na awa huɗu don mai jinya ya fita uzurinsa. Wata Laraba cikin Yunin 2019 Injiniya ya bar Hajiya da ma'aikaciyar ya tafi ganin likitan zuciya. Hajiya ta ga baƙuwar fuska a ɗakinta, ta yi ta faɗa da yaren da matar ba ta ji, ta nuna mata ƙofa. Matar ta rubuta cewa marar lafiya ta ƙi karɓar hidima, ta kama gabanta. Da ya dawo da azahar ya tarar da gidan a buɗe, babu Hajiya, mayafinta ma ba ya nan.

Awa uku ana nema, yana bin titi da ƙafa yana kiran sunanta, har numfashinsa ya soma sarƙewa. Wadda ta tsince ta ita ce Madam Yashim Katung, 'yar asalin Zonkwa, ma'aikaciyar jinya mai ritaya, wadda ta ji wata tsohuwa a tashar bas tana tambayar masu wucewa motar Kurmi. Ta kama hannunta ta ce, "Mama, motar Kurmi ta wuce. Zo mu zauna a inuwa mu jira wata." A nan aka same su suna hira. Tun daga ranar Madam Yashim ta zama 'yar gida.

Zamansa a Kwamitin Sa Ido

Wata biyu bayan haka Injiniya ya halarci zaman kwamitin da ke sa ido kan hidimomin tsofaffi na ƙaramar hukumar, inda ake ba kowane ɗan gari minti uku ya yi magana. A rahoton da kamfanin ya gabatar, ranar ɓatan Hajiya tana cikin ziyarorin da aka kammala. Ya miƙe da takardar a hannunsa ya ce shi ma'aikacin ruwa ne, kuma a sana'arsu ba a auna ruwa a bakin madatsa, a bakin famfo ake auna shi. Ya nemi a daina ƙirga yawan ziyara, a riƙa tambayar mai jinya ko ya sami fita, kuma ko ya dawo ya tarar da mutuminsa. Shugabar kwamitin, wata dattijuwa mai suna Olive wadda ita ma ta yi jinyar mahaifinta, ta bar shi ya zarce lokacinsa. A 2020 aka naɗa shi wakilin masu jinya a kwamitin.

Cikin shekara biyu aka sauya ma'aunin rahoto, aka kuma hana ma'aikaci barin marar lafiya kafin ya sami wani daga danginsa a waya. Sai dai buƙatarsa ta biyu ta ƙi wucewa. Yana son a buɗe wa kowane mai jinya takardar shirin gaggawa, mai ɗauke da magungunan marar lafiya da harshensa da sunan wanda zai karɓe shi, ta yadda in mai jinyar ya faɗi za a iso gidan a ranar. Sau uku ana ɗage maganar, sau ɗaya saboda annoba, sau biyu saboda wani ɗan kwamiti mai suna Alexander yana ganin hurumin asibiti ne, ba na ƙaramar hukuma ba. Duk ranar da aka ɗage, Injiniya kan dawo gida ya kasa cin abinci. Ya taɓa ce wa Madam Yashim, "Ba mutuwar nake tsoro ba. Tsorona in faɗi a nan tsakar ɗaki, ita kuma tana zaune tana jiran in tashi in ba ta magani."

Saboda wannan fargabar ya tilasta wa Juwairiyya zuwa kowace Asabar, ya hana Turanci a gidan, har bakinta ya faɗa da Hausa tana da shekara talatin da bakwai. A Afrilun 2024 kwamitin ya amince da shirin, a kan zai fara aiki a watan Yuli.

Rasuwarsa

Bai ga watan Yulin ba. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, da hantsi, bayan ya gama ba Hajiya kunu, ya ji nauyi a ƙirjinsa. Ya fara kiran Madam Yashim ya ce ta zo ta zauna da Hajiya, sannan ya kira motar asibiti. Ya cika a hanya, yana da shekara saba'in da ɗaya. Washegari bayan azahar aka yi masa sallah, aka kai shi makwancinsa a wata maƙabartar Musulmi da ke Virginia, kuma 'yan kwamitin, har da Alexander, sun tsaya a bayan sahu.

Ya bar matarsa Hajiya Hasiya, da 'ya'ya uku: Kamal, da Juwairiyya, da Dakta Umaima, da jikoki biyar. Hajiya ta yi takabarta a gidan Juwairiyya ba tare da ta san tana yi ba. Sau biyu aka gaya mata rasuwar, kowane karo ta yi kuka kamar ranar ta fara ji, don haka 'ya'yan suka daina. Yanzu in ta tambaya ina Malam, wato mijinta, ya shiga, Juwairiyya kan gyara mata ɗankwali ta ce, "Ya yi gaba, Umma. Za mu tarar da shi."

Allah ya gafarta masa, ya sa jinyar da ya yi ta zama haske a kabarinsa.