Shekarar da Ofelia Ta Tafi Gona Ba Nereida

Ofelia Barrientos ba ta taɓa ganin watan Mayu a garinsu na kudancin Texas ba. Tun tana goye, Afrilu na kamawa ake rufe gida, a ɗaure kaya a bayan mota, a nufi gonakin Michigan, can arewa mai nisa. A fara da dashen albasa, a bi da tsinkar kokwamba, a ƙare da tuffa, sai Oktoba a dawo. A haka ta yi aure, ta haifi 'ya'ya huɗu. Mace ce mai ƙarfin hannu da kaifin baki, kuma ba ta taɓa yarda ɗanta ya kwana inda ba ta nan ba.

Autarta Nereida ce ta kawo cikas. Tana aji shida, kuma akwai ta da kan lissafi. Hukumar makarantun gundumar kuwa ƙa'idarta ɗaya ce: mai son shiga babban ajin lissafi sai ya zauna jarrabawa a watan Mayu. Wanda bai zauna ba ya tafi ajin kowa da kowa, kuma da wuya ya kamo na gaba har ya gama sakandare. Yayyenta uku duk haka aka yi da su. Ba faɗuwa suka yi ba, ranar dai suna duƙe cikin albasa.

Ofelia ta je ofishin makarantar da kanta. "A ba ta jarrabawar yanzu mana, ko in mun dawo."

"Baiwar Allah, ba ni na kafa ƙa'idar ba," in ji ma'aikaciyar. "Rana ɗaya ce ga kowa."

"Ga kowa? Ga masu zaman gida dai!"

Da ta koma tana huci, mijinta Eusebio ya ce a bar yarinyar wurin yayarsa Chela.

"Wurin wa? Matar da ta ce ina kora yara gona kamar awaki?"

"To ki zaɓa," ya ce. "Ko bakin Yaya, ko jarrabawar."

Ranta ya ɓaci ƙwarai, amma ta haɗiye. Ta dafa tamale, abincinsu na masara mai kama da alala, cike da tukunya ta kai. Chela ta buɗe ƙofa ta dube ta sama da ƙasa. "Ikon Allah! Ɓatan hanya kika yi?"

"Yaya, ba faɗa ya kawo ni ba. Amana na kawo miki."

Chela ta karɓi yarinyar, su kuma suka tafi. Farkon Yuni waya ta sami Ofelia a tsakiyar gona. Nereida ta ci jarrabawar, har ta fi kowa a makarantarsu. Ofelia ta rangaɗa guɗa, 'yan aiki suka ɗago suna dariya. Tana cewa za a aika mata kuɗin mota ta biyo su, sai yarinyar ta yi ƙasa da murya.

"Mama, akwai darasin share fage duk hutun nan. Ajin kuma Agusta yake farawa, wanda ya makara cire shi ake yi. Sun ce baɗi ma haka ne, har in gama."

Ofelia ta matsa gefe da wayar. Ita da ta ɗauka rabuwar 'yan makonni ce, ashe tafiya tare ta ƙare ke nan.

"Mama, kina ji?"

"Ina ji. Ki zauna. Ki riƙa yi wa gwaggonki wanke-wanke, kar ta ce ban koya miki ba."

Ta kashe wayar, ta zauna a kan kunya ta yi kuka sosai.