Shekara biyu ina ce wa jikana na gan shi

Rabi, ajiye tsintsiyar nan ki ɗauko wayarki. Yanzu, tun tsoro bai sa na fasa ba. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, kar ki gyara min.

Jama'a salamu alaikum. Ni ce kakar Nafi'u ɗan ƙwallo, ta nan Sabon Garin Wudil. Ban yi boko ba, Rabi maƙwabciyata ce ke rubutawa. Masu cewa na daina zuwa bikin suna da gaisuwar mutuwa don jikana ya yi kuɗi, ku yafe min. Makancewa na yi, na ɓoye.

Ni na raini Nafi'u tun iyayensa suka rasu. A yashin bakin kogi ya fara ƙwallo, ba takalmi. Aka kai shi Kano, daga nan ƙasar Larabawa, daga nan wata ƙasa mai sanyi da na kasa riƙe sunanta. Baya yake tsarewa, shi ne mai hana a wuce.

Ya sa aka kafa min talabijin da sola. Duk sanda aka tashi daga wasa sai ya bugo. Kun san wasan jika da kaka.

"Amarya, kin gan ni?"

"Na gan ka Maigida, da ƙafafu kamar na zalɓe."

Da fari gaskiya nake faɗa. Sai idona ya fara hazo, kamar hayaƙin ɗanyen itace. Allura ta gagare ni. Daga baya fuskar mutum ma sai ya yi magana.

Ban gaya masa ba. Na san shi, sai ya baro aikinsa ya taho, a ba wani wurinsa.

Sai na koma sauraro. To mai tsaron baya ba a cika kiran sunansa ba, sai in ya ka da wani. Sai in zauna ni kaɗai a ɗaki, Bature na ta surutu, ina jiran kalma ɗaya tak.

Ran nan ya bugo, ya tambaya, na ce na gan ka kana ta gudu kamar an biyo ka.

Ya ce, "Amarya, yau sati uku ban buga ba. Gwiwata ce."

Daga ranar bai sake tambayata ba. Yana bugowa, ya gaishe ni, ya ce me ya ƙare a gida. Shi ke nan. A zatonsa ban damu da kallonsa ba.

Abin da ya kai ni wurin mai maganin ido ke nan, wani mai yawo ranar kasuwa. Asibiti nake tsoro, an ce ƙwaƙule idon suke su ajiye a faranti. Shi wannan ya ce take zan gani. Ya sa min tsinke a idon hagu. Na ga haske kwana biyu, wallahi na gani. Rana ta uku ciwo ya taso kamar ana buga min ƙusa a ka.

Rabi ce ta ji nishina ta katanga. Ta ce, "Iya, ko ki shiga mota ko in kira Nafi'u." Na shiga mota.

A asibitin ido a Kano aka auna jinina, aka duba suga, aka ɗiga min magani, aka haska. Suka nuna min allo, na ce ban iya karatu ba, suka ce in dai nuna inda ƙafafun abin da aka zana suka kalla. Ko allon ban gani ba.

Likitar ta ce, "Iya, na hagu ya tafi, ba zan ɓoye miki ba. Na dama yanar ido ce kawai, ita muna cirewa."

Na ce in kuka ɓata shi fa? Shi kaɗai ya rage min.

Ta ce, "Shi ya sa za mu lallaɓa shi."

Jinina ya hau, sai da na sha magani sati biyu kafin a sa rana. Ranar aikin ba a sa ni barci ba, idona biyu, ina jin ƙarar ƙarafa, ina ta salati. A benci kowa da ɗansa ko jikansa. Ni nawa yana can bai sani ba, kuma ni na hana a gaya masa.

Washegari aka cire bandeji. Abin da na fara gani zanen Rabi ne. Na ce ashe kore ne, ta fashe da kuka.

Na yi kwanaki ina sallah a zaune, ba sunkuyo, ba hura wuta, ɗigon magani sau huɗu a yini.

Jiya da la'asar Rabi ta ce an kira shi ƙungiyar ƙasa, ta manya. Ta kunna. Suka jeru ana taken ƙasa, ana bin fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya nuna min shi. Ya tara gemu. Akwai tabo a girarsa wanda ban san da shi ba. Ya koma ubansa sak.

Har aka tashi ban kalli ƙwallon ba, shi nake bi. In ta tafi can gaba shi kaɗai ake bari a baya, yana waige-waige.

Alhamdulillahi. Allah ya saka wa likitar nan da ma'aikatanta, ya saka wa Rabi.

Tsofaffi 'yan uwana, in ido ya fara hazo ku tafi asibiti, ba a ƙwaƙule komai. Kar ku bari kowa ya sa muku tsinke. Ku kuma 'ya'ya, in tsohuwa ta ce lafiya lau, ku sa a je a duba.

Rabi, tsaya, kar ki saki tukuna. Ba na so ya tsinci wannan a waya kamar baƙo. Har yanzu ban san ko zai yafe min ba.

Nafi'u za a fara gaya wa, ni da bakina. Kira shi. In ya ɗauka ki ce Amarya ce, ta ce ya sake yi mata tambayar nan.