Yadda Mesa Ta Haɗiye Wance

Bari in faɗa tun da wuri kada wani ya riga ni: wawan da ke cikin wannan labari ni ne. Akwai na'ura a ciki, akwai yarinya 'yar jami'a, har da mesa, amma duk an bincika an wanke su. Ni da na yi allo, na kuma taɓa aji uku a makarantar gwamnati, nake ganin ilimina ya isa a raba wa ƙauye guda, ni aka kama dumu-dumu.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin na yi zaman Jidda, ina gadin wani sito. Waya a lokacin sai mai hali, wasiƙa kuwa sai an nemi mai rubutawa, an nemi mai karantawa, sirrinka ya bi ta bakin mutum biyu kafin ya iso ka. Saboda haka kaset muke yi. Idan aikin hajji ya ƙarato, mutanen gida su zauna gaban rediyo ɗaya bayan ɗaya, kowa da kaset ɗinsa, ya yi gaisuwa, ya kai ƙara, ya faɗi wanda ya haihu da wanda ya rasu da yadda auduga ta yi a hawasha, wato gonar da muke nomawa a bakin ruwan Jazira, a nan Sudan. Sai a ƙulle su a tsumma a ba wani alhaji ya kawo mini. Sau ɗaya a shekara ke nan.

Mahaifiyata ba ta yarda da abin ba. Cewa take yi ba za ta gai da akwatin da ba ya amsa gaisuwa ba. Shekara ɗaya tak aka shawo kanta ta yi, kuma kafin wani hajjin ya zagayo Allah ya karɓi abinsa. Hotonta babu ko ɗaya. Wannan kaset shi ne duk abin da ya rage mini na muryarta.

Da na dawo gida na zo da su duka, ƙunshin kowace shekara daban, na jibge a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado. Rediyon ya tsufa ya fara cin zare, daga baya ya mutu. Ɗana da ke zaune a Wad Madani ya ce in kai su wani shago a Hasahisa, akwai mai juye kaset ya koma cikin filash, wannan ɗan abin da bai kai yatsa ba. Na kai, aka juye. Mai shagon ya yi aikinsa tsaf: kowane ƙunshi ya ba shi mazauninsa da sunan shekarar, kowane kaset ya ba shi lamba.

To a nan hikimata ta fara aiki. Na dubi filash a tafin hannuna, na dubi tulin kaset, na ce ai wanda ya sami rijiya ba ya ajiye tsohon tulu. Daminar nan tsuntsaye sun dame mu a dawa, zaren kaset kuwa in ka ja shi tsakanin kara da kara yana ƙyalli yana kuka cikin iska, ba tsuntsun da ke sauka. Na warware su kaf na zagaye gona. Dawa ta yi kyau ƙwarai, wannan kam ba a musu.

Sai dai filash ɗin ba ya amfanuwa. In kana neman muryar ƙanenka sai ka bi lamba bayan lamba kamar mai neman akuya a kasuwar Rufa'a.

Da hutu ya zo sai ga jikata, 'yar wannan ɗan nawa, wadda ke karatun kwamfuta a Madani. Ni amarya nake ce mata, ita kuma ta ce mini tsohon ango, ko in ta so girmamawa ta ce ya jiddi, wato kakana da Larabci. A birni ta tashi, Larabci ya cika mata baki, Hausarta kuwa irin ta cefane ce, ta iya gaisuwa da neman tuwo. Ta zo da kwamfutar hannu da ta aro wurin ƙawarta, wadda za ta mayar washegari. Muka zauna a rakuba, inuwar zana da ke tsakar gida, na ba ta filash na faɗi damuwata.

Ta yi mini karatu. Kowace murya, in ji ta, fayil ce. Mazaunin da ake tara su kuma folda, kuma folda tana iya zama cikin wata folda.

Na ce, "Buhu da rumbu ke nan. Wannan ne aka kai ki jami'a ki koyo? Da an bar ki nan da na koya miki kyauta."

"Tamam, tsohon ango. To rumbu nawa kake so?"

Na ce kowane mutum da rumbunsa. Ta ce tana iya jan su ɗaya-ɗaya da yatsa, amma wannan aikin marasa abin yi ne. Za ta rubuta wa na'urar umarni ne da wani yare, ita ta yi wahalar. Na tambayi sunan yaren, ta faɗa, ta ce ma'anarsa mesa. Na ce a'uzubillahi, duk dabbobin Allah ba a sami na kiwo ba?

Rubutun bai fi tsawon laya ba. Ta karanta mini shi da Larabci tana juyawa da guntuwar Hausarta. Mesa za ta shiga folda ta kowace shekara, ta ɗauko fayil, ta kunna mana farkonsa kaɗan, ta tsaya ta tambayi sunan mai magana. In an rubuta mata, ta duba ko akwai folda mai wannan suna, in babu ta gina. Sannan ta raɗa wa fayil ɗin sabon suna, wato sunan mutumin haɗe da shekarar da ta tsinto shi a ciki, ta ɗauke shi ta kai can. Haka har ta gama.

Kafin ta sake ta, ta yi mini tambaya biyu, kuma ina so a rubuta cewa ta yi. Ta farko, ko akwai wanda ya aiko kaset biyu a shekara ɗaya. Na ce babu, hajji sau nawa ake yi a shekara? Ta biyu, ta ce gara a fara kwafe komai a ajiye gefe, sai dai filash ɗin ya kusa cika, kwamfutar kuma ba tata ba ce, kuma kwafin zai ɗauki lokaci.

Na ce, "Amarya, wutar ƙauyen nan ba ta da alkawari. Abu ɗaya a wuri biyu almubazzaranci ne. Saki mesarki."

Ta saki.

Abin ya yi daɗi da farko. Murya ta fito cikin shuuu na tsohon kaset, "Salamu alaikum," in faɗi suna, ta buga, sai ka ga sabon rumbu ya tsiro. Ƙannena, abokan noma, limaminmu na da, wani maƙwabci da ya cika kaset guda da zancen jakinsa. Ina faɗin suna ina ba da tarihi, tana cewa, "Suna kawai, ya jiddi, mesa ba ta son hira."

Sai ga muryar maiɗakina, tana yarinya shar, ko ni sai da na gyara zama. Na ce, "Wannan ta gida ce."

"Suna."

"Ki sa uwar yara."

"Duk matan nan uwayen yara ne. Sunan yanka nake so."

To jama'a, ni ba a haife ni a birni ba. Matar fari ba a kama sunanta, 'yar fari ba a kama sunanta, balle wadda ta haife ka. Na kau da kai na dubi zana na ce, "Wance ce."

Na ji ƙas-ƙas, ta buga. Aka wuce. Can sai ga 'yata ta fari, gwaggon yarinyar, lokacin tana 'yar ƙarama. Na ce wance. Shekara ta bi shekara, ina ta wance, tana ta bugawa. Da muryar mahaifiyata ta fito, tun kalmar farko na gane ta. Na yi nufin in ce Inna, na tuna za a ce mini sunan yanka, sai na ce wance, na ɗaga hannu a wuce. Na bar sauraronta sai an gama, in zauna ni kaɗai.

Mesa ta gama aikinta daidai lokacin da maiɗakina ta fito da jabana, kofinmu na yamma, tana jera finjali a faranti. Jikar ta miƙe tana murna ta ce wa kakarta, "Habboba, wai wace ce Wance? Duk shekara sai ta aiko kaset, amma ba a taɓa kai ni in gaishe ta ba. A Damazin take?"

Kakar ta ajiye faranti ta riƙe ciki. Ta yi dariya har da hawaye. Da ta samu numfashi ta ce, "Ke 'yar nan, wance ai ba kowa ba ce. Fulana ce da Larabcinku. Ni ce wance, gwaggonki wance, duk wadda bakinsa ya yi wa nauyi wance ce."

Ni ma ina dariya, sai na ga yarinyar ba ta yi. Ta koma ta zauna, ta buɗe folda mai suna Wance, ta ƙura mata ido.

"Ya jiddi, mutum nawa ka ce wa wance?"

"Uku."

"A shekara ɗaya?"

"Biyu dai kullum. Shekara ɗaya ce suka zama uku."

Ta juyo mini da fuskar na'urar. Kowace shekara fayil ɗaya ne a ciki. Ta yi mini bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Folda ɗaya ba ta riƙe fayil biyu masu suna iri ɗaya. In aka kawo na biyu, sai ya haye kan na farko, na farkon ya tafi, kuma mesa ba ta tambaya, don ba a ce mata ta tambaya ba. A kowace shekara wance ta ƙarshe ce kaɗai ta tsira.

Ta ce, "Laifina ne. Layi biyu ne da na ƙara, ta duba ko akwai mai sunan kafin ta ajiye. Amma ba komai, kaset ɗin suna nan, sai a sake juyewa."

Maiɗakina ta ce, "Suna nan ƙwarai. Je ki gona ki tambayi tsuntsaye."

Aka kira mai shagon Hasahisa a waya. Ya ce shi ba ya ajiye kayan mutane, ranar da ya ba ka yake sharewa.

Saura tambaya ɗaya: a waccan shekarar, wa ta zo ƙarshe? Na matse kaina ban tuna ba. Ina ta surutun jakin maƙwabci lokacin, ban lura da wa ya riga wa ba. Kofi ya huce a finjali ba wanda ya taɓa. Yarinyar ta sa yatsa kan fayil ɗin ta dube ni, idonta ya ciko. Na ce, "Bismillah, danna."

Shuuu ya fara. Sai tari. Sai aka ce, "To ni ban san ko yana jina ba. Kun ce in yi magana? Salamu alaikum. Kai, kana cin abinci kuwa?"

Ita ce. Mai shagon ya sa mata lambar ƙarshe, don kaset ɗinta ne a ƙasan ƙunshin. Muka saurare ta har ta gama, ta yi faɗan ban aiko da man zafi ba, ta sa mini albarka, ta tambayi masu rediyon ko akwatin ya ƙoshi ta tashi.

Kafin mu motsa jikar ta kwafe wannan fayil a wayarta, ta kwafe a ta kakarta, ta ce in sake cewa almubazzaranci ta ji. Ta ƙara wa mesa layukan nan biyu, ta gwada ta da fayilolin banza a gabana, na ga in suna ya zo ɗaya sai ta liƙa wa na biyun lamba ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Ta gina wa mahaifiyata folda tata ita kaɗai, ta sa mata suna Inna Babba, ba ta sake neman na yanka ba.

Da muka bi sauran shekarun sai muka tarar ɓarnar ta faɗa kan mutum ɗaya. Kusan ko'ina 'yar ce ta haye kan uwar. Muryar maiɗakina ta ƙuruciya ta tafi, sai guda ɗaya da ta tsira.

Hankalina ya kwanta, bakina ya dawo. Na sha kofina mai sanyi, na gyara murya na yi wa jikar huɗuba kan 'ya'yan zamani da suka iya yaren macizai ba su iya na kakanninsu ba. Sannan na juya wurin maiɗakina cikin karamci na ce kada ta damu, ai tana da rai, bakinta kuma bai ragu da komai ba. Ta zauna yanzu a ɗauki sabuwa, a gina mata rumbunta ita kaɗai, ba mai haye mata.

Jikar ta ce, "Tamam. Wane suna zan sa wa folda ɗin, ya jiddi?"

Na kau da kai na dubi zana.

Maiɗakina ta tattara finjalinta ta ce, "Sa wance kawai, 'yar nan. Da can kunya ce. Yanzu ya manta ne."