Tsugunnon Maigidana

Wa ya kashe mini miji, ciwon ko bakin mutane? Na tsufa da wannan tambaya, ban samu mai ba ni amsa ba.

Maigidana manomi ne a gefen tafkin Madarumfa, ƙato, mai faɗin kafaɗa. Amma in ya ja garma da sauri, sai numfashi ya tsaya masa a wuya, ya riƙa ganin duhu-duhu. Sai ya tsuguna a kan dugadugansa. Jim kaɗan ya miƙe garau. Saurin warkewar nan shi ya ja masa zagi. Mutane suka ce ciwon da ba ya tashi sai an ga garma, sunansa lalaci. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya fara ce masa kaza mai kwanci.

Mun je gidan likita a Maraɗi, ana gab da shiga babban fari. Aka yi masa radiyo, hoton ƙirji, aka ce ba a ga komai ba. Yayana ya yi ta raba wannan magana a gari kamar goron biki.

Sai bayan na yi furfura ɗan ƴata ya fara irin wannan ciwo. A Yamai aka shafa masa wani mai a ƙirji, aka ɗora na'ura, zuciyarsa ta fito a gilashi tana motsi. Likita ya nuna wa uwarsa: naman zuciyar ya yi kauri, yana tare ƙofar da jini ke fita, in an yi aikin ƙarfi ƙofar ta ƙara matsewa. Gado ne, in ji shi, kuma masu ciwon kan ji sauƙi in sun tsuguna. Ashe maigidana, bawan Allah, magani yake yi wa kansa, su kuwa suna dariya. Yayana ya riga ya mutu, ban samu na watsa masa maganar a fuska ba. Ban yafe ba har yau. Allah Ya yafe mini.

Ranar da maigidana ya rasu, gayya ake yi a gonar mahaifina. Makaɗa suka sa shi a waƙar zambo tun daga hanya. An ce mini bai tsuguna ba ko sau ɗaya, har ya kife a kan garmarsa kafin azahar. Da safen nan na riƙe masa riga a ƙofar gida, ina kuka, na ce, "Malam, in ta taso maka ka zauna. Bar su da bakinsu."

Ya cire hannuna a hankali. "Haba, uwar yara. A gonar babanki zan zauna, ana kallo? Ki dama fura da yawa, da yunwa zan dawo."