Asabar ɗina da almakashin amarya

Ni ce 'yar fari a gidanmu, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. "Ke" take ce mini. In tana ba wani labarina sai ta ce "ita waccan ta Unguwar Dosa", kamar wata da suka taɓa zaman haya tare. Kakata ce ta yaye ni, a hannunta na girma, ita ce kuma ta ce mini wannan kunya ce, ba ƙi ba. Na yarda. Amma yarda daban, jin daɗi daban. Ni Hajiya nake ce mata, ƙannena kuwa Mama suke cewa, su haye gadonta, su sa hannu a kwanonta.

Kwamfuta ce ta samar mini kujera a ɗakinta. Da Hajiya ta yi ritaya daga aikin jinya, matan Islamiyyar layinsu a Unguwar Kanawa suka maƙale mata, sai ta riƙa yi musu bayani a kan hawan jini da ciwon suga da renon ciki. Autanmu ya saya mata laftof, tana kallon bidiyon likitoci a ciki. Rubutun da suke nunawa a allo take so a takarda, da manyan baƙaƙe, don idonta ya fara rauni. Wa zai buga? Ni mana, da na tsufa ina buga takardun gwamnati a ma'aikata.

Duk Asabar bayan azahar sai in tari keke in tafi. In tsayar da bidiyon, in kalli rubutun, in buga, in sake kallo, in buga. In an nuna zanen zuciya ko na ƙoda sai in ɗauke shi da wayata, ya fito da inuwar fankar ɗakin a tsakiya. Hajiya tana ƙasa a kan tabarma da faranti a gabanta tana tsinkar zogale, tana hira. Ba da ni take hirar ba, Allah ya kiyaye, da farantin take yi. A haka na ji labarin asibitin da ta fara aiki, da rowar mahaifinmu yana saurayi. Wata rana har cewa ta yi, "Ranar da aka haifi wata yarinya a gidan nan, ruwa aka yi kamar da bakin ƙwarya." Ban ɗago ba. Na ci gaba da bugawa, ban ma san me nake bugawa ba.

Sai auta ya yi aure, aka ajiye amarya a sashen gefe. Yarinya ce mai fara'a, ta gama jami'a, ba ta san kunyar suruka ba ko ta sisin kwabo. Mako bai zagayo ba ta fara cewa Mama. Ita kuma Hajiya ta kama sunan yarinyar nan kamar an ba ta alawa, ta kira shi a tsakar gida, ta kira shi a kicin.

Wata Asabar ina tsaka da aiki amaryar ta shigo da jug ɗin zoɓo. Ta leƙo ta kafaɗata.

"Lah, Anti! Da hannu kike kwafewa?"

Na ce, "A'a, da ƙafa."

Ta yi dariya, ta zaci wasa nake. Ta ajiye zoɓon, ta ce in ɗan matsa. Ta danna maɓallai uku a tare, allon ya dusashe, ta ja layi ta kewaye rubutun kaɗai, sai ga shi ya fito tas, ba fanka ba inuwa. Wannan bai dame ni ba, na san ana ɗaukar hoton allo, ba daga ƙauye na zo ba. Abin da ya biyo baya ne ya kashe mini jiki. Ta buɗe hoton, ta danna wata 'yar alama a sama, kwamfutar ta karance rubutun da ke cikin hoton da kanta. Ta kwafe, ta zuba a shafina, ta ƙara girman baƙaƙen. Aikin da zai kai ni la'asar sakaliya, ta gama shi zoɓon bai daina motsi a jug ba.

Hajiya ta ture farantin zogale, ta miƙe, ta zo ta tsaya a kanmu. Ni tun da nake zuwa ba ta taɓa tasowa ta ga abin da nake yi ba.

"Ikon Allah! Da ma yana ciki?"

"Yana ciki, Mama, tare aka sayo su. Kin ga alamarsa, kamar almakashi."

Ta nuna mata yadda ake zana jan layi a kan hoton, da yadda ake shafa ruwan ɗorawa a kan jimla don ta fito. Hajiya tana ta "Allah ya yi miki albarka", tana haɗawa da sunan. Ni kuwa ina gefe da kofin zoɓo, na cika na yi fam. An ce kishi kumallon mata, to ni nawa ba a kan miji ya motsa ba, a kan uwa ya motsa, ga ni da furfura a gaban goshi. Tun kafin a kira la'asar aiki ya ƙare. Hajiya ta ce, "To ke sai ki kama hanya, tunda an gama." Zogalen ma amarya ce ta kwashe ta kai kicin.

Asabar ta gaba na tarar da abin da ya fi wannan. Tun daga ƙofa na jiyo muryar amarya a ɗakin Hajiya, alhali na bar ta a tsakar gida tana shanya. Ashe almakashin nan har bidiyon allo yake ɗauka, da murya. Yarinyar ta naɗi komai daki-daki, tana yi tana bayani: "Mama, sai ki danna nan. Yawwa. Sai ki ja a hankali." Hajiya tana zaune a kujerata, da gilashinta a karan hanci, tana amsa wa kwamfuta "to, to". Ta riga ta haɗa takardun makon da kanta. Na gaishe ta, ta amsa ba ta juyo ba. Na zauna a bakin gado kamar wadda ta zo karɓar gudummawar biki, na ɗan jima, na yi sallama.

Wallahi makon nan ban ci abinci da daɗi ba. Mijina ya ce ai hutu na samu, in gode wa Allah. Na ce masa ya ji da abin da ya dame shi. A ofis, in shugaba ya fita, sai in buɗe almakashin nan in yi ta tone-tone, ina neman abu guda da yarinyar nan ba ta sani ba. Na samo kuwa. Akwai wani ɗan agogo a jikinsa, in ka saita shi sai ya jira 'yan daƙiƙoƙi kafin ya ɗauki hoton, don ka samu ka buɗe irin jerin zaɓin nan na kan allo da ke ɓacewa da zarar ka taɓa wani wuri. Na gwada, na sake gwadawa. Na ce yawwa, ranar Asabar za a san wace ce babba.

Na je da kwalliyata. Na ce, "Hajiya, akwai wani abu da ba a nuna miki ba." Na jawo laftof ɗin, na kai hannu kan agogon.

Ta leƙo ta saman gilashi. "Au, mai jiran nan? Ai ta nuna mini tun shekaranjiya." Ta ɗaga murya ta kira amarya da sunanta, wai ta zo ta ga yayarta ma ta gano.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Hajiya, ni ma fa ina da suna."

Amarya da ta kawo kai bakin labule ta juya sumui-sumui, a nan dai na yaba mata. Ni kaina na tsorata da abin da na faɗa, amma tunda ya fita sai na ƙarasa. Na ce ba takardun ne damuwata ba, ina da su jibgi a ofis. Na ce wunin nan guda shi ke gare ni a wurinta, shi ma an zo da almakashi an datse. Ina gamawa haushin kaina ya kama ni.

Hajiya ta cire gilashin, ta goge shi da bakin ɗankwali, ta daɗe tana gogewa. Ba ta kalle ni ba. Bango ta kalla ta ce, "Wata ce aka ce a ofishinsu tana gama shafi kafin ruwan shayi ya tafasa. Ta zo nan ta wuni a kan shafi biyu. Ta zaci tsohuwa ba ta lura ba."

Kunya ta rufe ni, na sunkuyar da kai.

Ta rufe laftof ɗin da kanta. Ta sauka kan tabarma da ƙyar, tana dafa gwiwa, ta jawo wani buhu daga ƙarƙashin gado. Zogale ne, ɗauri a kan ɗauri, wanda ya fi ƙarfin tukunyar gidan nan nesa ba kusa ba, har na ƙasan ya fara yaushi. Ta turo farantin tsakaninmu.

"Ke, sauko ki tsinke. Wannan ba ya cikin kwamfuta."

Na cire mayafi na sauko. Muka fara, ganye ɗaya-ɗaya, ba mai sauri a cikinmu. Can ta soma ba farantin labarin wata yarinya da ta ƙi shan kunu ranar da aka kai ta yaye, ta kwana tana kuka, uwar kuma tana gida ba ta runtsa ba, ba ta kuma isa ta tambaya ba.

Har yau in na ji ta kira amarya daga kicin sai kishin nan ya motsa, ba zan ɓoye ba. Sunana kuwa ba ta faɗa ba ranar, ba ta faɗa ba har yanzu. Sai da aka kira magariba na tashi, buhun ko rabi ba mu ci ba.