Tulun irin waken Inna

Shekarar da na shiga aji biyar, Madam ɗinmu ta dawo daga horo a Doso da sabuwar koyarwa. Ta jingine bulala a bayan zanar ajinmu, ta raba tabulo, wato babban allo, gida uku da alli: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama. Ta ce kowane rukuni ya zaɓi wata damuwa ta gida, ya gwada magani, ran Juma'a a duba, a gyara, a sake gwadawa.

"Kuskure ba laifi ba ne," in ji ta. Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba.

Rukuninmu, ƴan mata shida, muka zaɓi ƙwarin da ke cin wake. Muka tara kwalaben roba. Saura waken.

"Ke bebiya, gidanku akwai wake, ke za ki kawo," in ji babbarmu. Suka yi dariya. Ban iya cewa a'a ba.

Waken da ke gidanmu ɗaya ne: irin shuka, cikin tulun da Inna ta liƙe bakinsa da laka tun kaka. Da hantsi, tana rijiya, na ɓamɓare lakar, na ɗebi tafi biyu, na kwaɓa sabuwa na shafe. Har shatin yatsunta na kwaikwaya.

Makon farko muka zuba toka. Ran Juma'a muka buɗe, ƙwari na yawo. Madam ta tafa mana. "Madalla! Kun koyi abu. Mi za ku canza?" Muka sa barkono. Sai ganyen bedi, wato dogon yaro. Sai rairayi. Kowane gwaji na son sabon wake, ni kuma kowane mako ina komawa tulun. Sau huɗu.

Ranar da nake sharar aji, na tsinci wata kwalbarmu ta makon farko, wadda ta gangara ƙarƙashin zana kafin mu zuba toka, muka manta da ita. Ba mu sa mata komai ba, murfinta a ɗaure tam. Na ɗaga ta a rana. Waken sumul, ƙwari uku a ƙasa, ƙafafu sama, matattu.

Nan na gane. Ba toka ba ce, ba barkono ba. Rashin iska ke kashe su. Duk buɗewa numfashi ce muke ba su. Sai na tuna tulun.

Madam ta tambaya ko wani ya lura da sabon abu. Hannuna ya taso har kafaɗa, ya koma. Na ɓoye kwalbar a jakata.

Da ruwan farko ya sauka, Inna ta fasa lakar. Wari ya fara fitowa, sannan ƙwarin, baƙi ƙirin, suna hawa hannunta. Ta damƙi waken, ya murƙushe ya zama gari. Ta daɗe tana duban bakin tulun.

"Hannuna ya tsufa," ta ce. "Ban liƙe da kyau ba."

Na ɗauko kwalbar na ajiye gabanta. Ta zazzage a tafinta, ta ga jan ido irin na wakenta, ta dube ni.

Da waken kwalbar muka shuka layi biyu da rabi. Sauran gonar, tsakanin gero, ƙasa ce tsirara har kaka.